Ranar da Na Ce Ta Janye Hannunta

Tun daga zaure ake jin minsharin 'yar ƙanwata. Yarinya ce da ba ta daɗe da cika shekara uku ba, siririya, mai manyan idanu, amma in barci ya ɗauke ta sai ka rantse wani ƙaton manomi ne ya dawo daga huɗa ya miƙe a ɗakin. A gidan da ƙanwata take aure a Fassi an daɗe da mayar da abin wasa. Kakarta ta wajen uba tana kiranta mai injin markaɗe, tana tambaya ko a kawo gero ta niƙa. Ni ma na yi dariya da farko. Na daina ne ranar da ta yi barci a cinyata a mota, muna dawowa daga wani suna a Lausu. Na ga ƙirjinta yana lotsawa, haƙarƙarinta duk a waje, bakinta a buɗe tana jan iska, iskar kuma ba ta shiga. Da na gyara mata wuya sai ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta ci gaba da minsharinta kamar ba a yi komai ba.

A lokacin ina da ɗan shago a Rano, ina gyaran kayan lantarki: rediyo, kayan sola, wani lokaci har da na'urar awon hawan jini idan ta ƙananan asibitocin nan ta lalace. Na yi karatun lantarki a Kano, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Ina da aboki likita a birni, mai duba kunne da hanci da maƙogwaro, tare muka yi sakandare. Ya sha gaya mini cewa akwai gwajin da ake yi wa yara suna barci, a liƙa musu wayoyi a ga yadda suke numfashi har gari ya waye. Sai dai na'urar da wuyar samu, layin da tsawo, ga shi yaron ƙauye ba ya yarda ya rufe ido a ɗakin da bai sani ba, an ɗaɗɗaure shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yana son a sami wani ƙaramin abu da za a ba iyaye su tafi da shi gida. Nakan ce masa ai wannan aikin sati ɗaya ne, mu yi dariya mu ci gaba da cin tsirenmu.

Da na kai masa yarinyar ya haska bakinta da 'yar fitila, ya ce naman maƙogwaronta da na bayan hanci sun kumbura sun kusa rufe hanya. Tiyata ce maganinsa. Amma masu jira suna da yawa, manyansa kuma ba sa tsallake wani su ɗauki wani, balle su sa yarinya ramammiya kamar wannan barcin tiyata, sai da hujjar cewa numfashinta yana tsayawa da gaske, ba minshari ba ne kawai. Sannan ya juya wajen ƙanwata ya tambaye ta yadda yarinyar take kwana. Ta sunkuyar da kai ta ce tana yi. Ya sake tambaya ta wata hanyar, ta ce lafiya lau.

Ban yi mamaki ba. Yarinyar 'yar farinta ce, ƙanwata kuma a hannun goggonmu ta tashi, tsohuwar da take ganin uwa ta kalli ɗan fari sau biyu a jere rashin ta ido ne. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin ƙanwata ta ambaci sunanta ba. Waccan take ce mata, ko yarinyar nan. In ta faɗi a tsakar gida, sai dai wani ya ɗaga ta. Ni da na zauna a birni nakan tsokane ta in ce ko tsintar yarinyar aka yi a bola, ita kuma ta harare ni ta wuce.

Muna cikin wannan sai ga labari cewa surukinta, kakan yarinyar, ya yi wa wanzami magana. Ya ce hakin wuya ne, kuma a gidansu aska ce take maganin hakin wuya tun kakanni. Ba ni da gaba da wanzamai. Wanzami ne ya yi mini askin suna, shi ya cire mini belu, ga ni nan ina yawo. Amma na ga abin da fitilar likita ta haska. Naman yana can ciki, a maƙogwaron da ɗan yatsana ma ba zai shiga ba, kuma abokina ya gaya mini in aka yanka wurin jini ya ɓalle, kafin a fito da ita daga Fassi zuwa titi an gama. Mijin ƙanwata direba ne, yana jigila tsakanin Kibiya da Kano, mutumin kirki ne amma ko a mafarki ba zai musa wa mahaifinsa ba. Don haka ni na je na durƙusa a zaure.

Tsohon ya bar ni na gama duk bayanina na boko, yana jan carbinsa. Sannan ya ce, "Injiniya." Haka yake kirana, kuma har yau ban san ko girmamawa ce ko tsokana ba. "Ni nake jin yarinyar nan ta bango kullum. Kai kana Rano kana barcinka."

Gaskiya ya faɗa. Ya ce wanzamin ya yi tafiya, zai dawo kafin ranar kasuwa ta sama, kuma yana so a gama kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona. In ƙarfena, wato na'urar da na ce masa zan haɗa, ya ga abin da ya fi ƙarfin aska kafin nan, mu ɗauke ta mu kai birni. In bai gani ba, kada in ƙara tayar masa da maganar. Na ce na yarda.

Aikin da na ce na sati ɗaya ne ya nuna mini iyakata. Abu uku likita ya ce yana so ya gani: motsin ƙirji, iskar da ke fita ta hanci, da yawan iskar da ke cikin jini. In ƙirji yana motsi amma hanci shiru, to hanya ta toshe. Na fara da 'yan faifan da ake liƙawa a fata. Ban tuna cewa a gidajenmu ba a kwantar da yaro sai an mulke shi da man kaɗe ba, ga zafin bazara, ga gumi. Kafin in juya sun sulale sun manne a tabarma. Na sa filasta, yarinyar ta ɓare ta tana kuka tana cewa Kawu ya cije ta. Maƙalin da ke auna iskar jini na sa mata a yatsa, ya yi ta ba ni lambobin hauka, ashe baƙin lallen da aka zana mata ne ya hana hasken wucewa. Sai da na koma babban yatsan ƙafa, wanda Allah ya sa mai lallen ta tsallake.

Daga ƙarshe na sayi robar wando, na kai wa wani tela a kasuwar Rano ya ɗinka mini ɗamara mai laushi, na zura wani zare a ciki wanda yake gane miƙewa da tsukewa. Na lura yarinyar ba ta damu da jigidar da ke ƙugunta ba, sai na sa aka jera wa ɗamarar 'yan duwatsu ja da kore. Nan take ta karɓa, har tana nuna wa ƙawayenta. Na hanci kuwa wani ɗan ƙanƙanin abu ne kamar ƙwayar dawa, yana jin ɗumin numfashi, na rataya shi da zare mai taushi ta bayan kunnuwa. Duka wayoyin suka haɗu a wani ɗan akwati da bai fi na ashana ba, da batir da katin memori a ciki. Na gwada a jikina a shago, na riƙe numfashi, layi ya miƙe a fuskar wayata. Ranar har na saya wa maƙwabcina shayi don murna.

Ba zan iya kwana a ɗakin ƙanwata a gidan surukanta ba, wannan ba ya ma buƙatar a faɗa. Sai na koya mata yadda za ta ɗaura komai bayan yarinyar ta yi barci, na hau babur na koma Rano. Da safe na zo na karɓi katin. Na tambaye ta yadda aka kwana, ta ce lafiya.

Abin da na gani a kwamfuta ya ɗaure mini kai. Layin hanci yakan fara kwanciya, kamar numfashin zai tsaya, sai layin ɗamara ya yi wani tsalle, sai komai ya koma daidai. Haka daga farko har ƙarshe. Iskar jini ba ta taɓa sauka ta a zo a gani ba. Na tura wa likita. Ya kira ni ya ce yarinyar tana da yawan juyi, numfashinta yana ɗan sarƙewa, amma babu tsayawar da zai iya ɗauka ya kai gaban manyansa. Na ce masa ni da idona na gani a mota. Ya ce ya yarda da idona, amma idona ba ya shiga fayil.

Na sake gwadawa, aka sake samun haka. Sai na ɗora laifin a kan tsallen nan na ɗamara. Na ce waya ce ta saki, na warware na sake liƙawa da dalma. Na ce tela ne ya yi mini aikin gaggawa, na je na yi masa faɗan da bai ji ba bai gani ba. Da tsallen ya ƙi tafiya, na zauna na rubuta wa kwamfutar umarnin ta riƙa share shi duk inda ta gan shi, don ina ganin datti ne yake ɓata mini zane. Zanen ya fito tas, kyakkyawa, yana cewa yarinyar lafiyarta ƙalau. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Har na yi tunanin in riƙe nawa numfashin da ɗamarar a jikina in tura wa likita in ce nata ne. Na san zai gane ƙirjin ƙato daga na yarinya, kuma ko bai gane ba, ba na so a kwantar da ita a teburin tiyata a kan ƙarya.

Ranar kasuwa ta matso. Na tafi Fassi bayan azahar da niyyar in karɓo ɗamarar in sake buɗe ta. Rana ta take, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Tsohon yana masallaci, matarsa ta tafi barka Fammar, gidan tsit in ban da minsharin. Na yi sallama a hankali a ƙofar ɗakin ƙanwata don kada in tashi yarinyar, ba a amsa ba. Labulen a ɗage yake ta gefe ɗaya, sai na leƙa.

Yarinyar tana kan tabarma. Ƙanwata tana zaune a ƙasa kusa da ita, ta jingina da bango, faifan waken da take tsincewa a cinyarta, kanta ya langaɓe, barci take yi a zaune. Hannunta na hagu yana ƙarƙashin kafaɗar yarinyar. Ina tsaye minsharin ya yanke. Kafin in motsa, hannun nan ya ɗaga kafaɗar kaɗan, ɗan yatsa ya tura haɓar sama, minsharin ya dawo. Ƙanwata ba ta buɗe ido ba. Na tsaya a wurin gumi yana bin bayana, na ga an sake yi, an kuma sake. Duk sanda sautin ya yanke sai hannun ya yi aikinsa. Tsallen da na yi kwanaki ina zagi ina sharewa ke nan. Hannun ƙanwata nake gogewa daga cikin aikina.

Na yi gyaran murya. Ta farka a firgice, ta zare hannun kamar ta taɓa wuta, ta hau tsintar wakenta. Na tambaye ta me take yi wa yarinyar, ta ce ƙuda take kore mata. Na ce da dare ma ƙudan ne? Sai a lokacin na dube ta da kyau. Na ga yadda idanunta suka zurma, na ga ƙashin wuyanta. Mun daɗe muna cewa aikin gida ne ya ramar da ita, mahaifiyarmu har tana aika mata da zuma. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun bayan yaye. Mijin da ya dawo daga hanya yake faɗuwa kamar an sare itace, kafin asuba ya fita, bai san komai ba.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya tauna magana. Na ce mata likita ya tambaye ta sau biyu a gabana, ni na tambaye ta kullum da safe, ga aska tana tafe, ita tana ce mana lafiya lau.

Ta ce, "Yaya, in ce me? In buɗe baki a gaban mutane in ce ba na barci saboda waccan?"

Ta ce ai ta ɗauka na'urar za ta gani da kanta, ba sai ta faɗa ba. Shi ya sa ta yi murna da na kawo ta. Ta ƙara da cewa wanzamin ya riga ya dawo, an ce jibi da hantsi.

Na fita bayan gida inda waya take kamawa na kira likita. Da na gaya masa abin da na gani, ya ce to yanzu magana ta fito. Ya ce a sake ɗauka ba tare da kowa ya taɓa ta ba, ko barcin rana ne ya isa in abin ya nuna sosai. Ya ce jikin yaro yana farkar da kansa in iska ta yi ƙasa, haka ake yi a kowane asibiti, a zuba ido a bar na'ura ta rubuta. Ya ba ni lambar da in awon ƙafa ya sauka ya kai ta, ko in na ga leɓenta ya canza launi, in tashe ta ba tare da jira ba. Yana faɗa muryarsa a kwance, shi da yake Kano a ƙarƙashin fanka.

Na koma na gaya wa ƙanwata cewa gobe zan ɗaura wa yarinyar ɗamara, kuma ina so ta janye hannunta. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce wato in numfashin ya tsaya ta zuba ido. Na ce haka ne. Ta ce ba za ta iya ba, in nemi wata dabarar, ai ni ne mai ilimi. Na ce mata dabarata ta ƙare, ko wannan ko jibi da hantsi. Ta ci gaba da tsintar wake, tana zubar da masu kyau tare da tsakuwa.

Washegari tun da safe na zo na ɗauki yarinyar a babur na yi ta yawo da ita, har Kibiya muka je na saya mata rake, don ta gaji ta yi barci mai nauyi. Na roƙi tsohon ya zo ya gani da idonsa. Ya ce shi ba ya shiga ɗakin suruka. Sai aka shimfiɗa tabarmar a ɗakin matarsa, shi kuma ya sa buzunsa a bakin ƙofa ta waje, ya zauna ya ba mu gefe. Ƙanwata ta so ta tsaya a madafa kamar ba ruwanta, surukarta ta kira ta ta ce ta zo ta kama mini wayoyin. Ta zo ta zauna a ɗaya gefen tabarmar, mayafi har goshi, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

Yarinyar ta yi barci da guntun rake a hannu. Na ɗaura mata ɗamarar, na rataya mata na hanci, na maƙala na ƙafa, na cire umarnin nan na sharewa, na ajiye wayata a ƙasa inda kowa zai gani. Layuka biyu suna hawa suna sauka tare, lamba tana gefe. Minsharin ya cika ɗakin. Kakar ta so ta yi tsokanar injin markaɗe, ta dubi fuskokinmu ta fasa.

Sai ya yanke.

Layin hanci ya miƙe. Na ɗamara ya ci gaba da hawa da sauka, yana ƙara tsawo, don ƙirjin yana ta kokawa. Na ga duwatsun ɗamarar suna ɗagawa suna komawa, ramin wuyanta yana zurmawa, babu sauti ko kaɗan. Kafaɗar ƙanwata ta motsa da kanta, ta ƙara danne hannun. Lambar ta fara sauka. Can sai yarinyar ta yi wata irin shaƙuwa, ta ja iska da ƙarfi, minsharin ya dawo. Na ji kakar tana salati ƙasa-ƙasa. Wannan kaɗai ya fi duk abin da na taɓa ɗauka tsawo, amma likita ya ce guda ɗaya ba hujja ba ce. Na ce a ƙara haƙuri.

Aka yi na biyu, aka yi na uku. Barcin ya ƙara nauyi, shirun ya riƙa ƙara tsawo. Na lura ƙarar carbin tsohon ta tsaya. Shi da yake jin yarinyar ta bango ya san minsharinta, amma bai taɓa jin shirunta ya kai haka ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci ɗakin.

Sannan aka yi wanda ba zan manta ba. Layin ya miƙe ya ƙi lanƙwasa. Ƙirjin ya ja, ya ja, ƙafarta ɗaya ta miƙe, raken ya faɗi daga hannunta. Lambar tana sauka ɗaya bayan ɗaya, ba ta kai wadda likita ya ce ba, amma tana dosarta. Na dubi leɓenta na kasa tantance ko launinsa ne ko duhun ɗakin. Duk abin da abokina ya gaya mini a waya ya fita daga kaina. Na ce a zuciyata na kashe 'yar mutane a kan zane. Ban san sanda hannuna ya tafi wajen kafaɗarta ba.

Ƙanwata ta cafke wuyan hannuna kafin ya isa. Ban san tana da ƙarfi haka ba, farcenta ya shiga fatata. Idonta yana kan yarinyar, hawaye yana zuba, ba ta ko ƙifta ba.

Ta ce, "Kai ka ce a bari, Yaya. In ka taɓa ta, sai mun sake."

Muka zauna a haka, tana riƙe da ni. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, na'urar ce ta sani. Sai jikin yarinyar ya girgiza, ta wage baki ta ja iska da wani sauti kamar an zaro ƙafa daga taɓo, ta yi tari, ta juya gefe. Lambar ta tsaya, sannan ta fara hawa. Na duba, na sake dubawa, na ga komai ya shiga katin. Na ce ya isa.

Ina rufe baki ƙanwata ta sake ni ta sure yarinyar da wayoyin da komai, ta ƙanƙame ta a ƙirji, ta kira sunanta. Da ƙarfi ta kira, ta sake kira, a gaban surukarta, surukinta yana bakin ƙofa. Yarinyar ta farka tana kuka, tana waige-waige, don ba ta taɓa jin wannan muryar ta kira sunanta ba. Kakar ta sunkuyar da kai tana gyara bakin tabarma.

Tsohon ne ya fara magana, ni ya tambaya. Ya ce kullum haka take yi? Na ce a'a, Baba, kullum ana tare ta kafin ta kai nan. Ya ce wa yake tare ta? Na dubi ƙanwata, shi ma bai sake tambaya ba. Ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya ce wa matarsa ta karɓi yarinyar, a nuna mata inda ake sa hannun. Ya ɗago ya dubi ƙanwata, wadda tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ya yi mata magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa.

Ya ce, "Ke kuma je ki kwanta."

An yi tiyatar bayan ruwa ya sauka, yarinyar tana makaranta yanzu, ta yi ƙiba har ana tsokanarta. Ɗamarar ta shiga gidaje da dama bayan nan, kuma duk gidan da na kai ta, kafin in buɗe jaka nakan tambayi wa yake kwana kusa da yaron, in kuwa ɗan fari ne ba na karɓar lafiya lau a matsayin amsa. Amma ranar ban san duk wannan zai zo ba. Na naɗe wayoyina, shatin farce huɗu a wuyan hannuna. Ƙanwata ba ta ma kai ɗakinta ba, a nan gefen tabarmar ta kishingiɗa barci ya kwashe ta, tsohuwar tana zaune da hannunta ƙarƙashin kafaɗar jikarta tana koyo.

Da na fito zan hau babur na tarar da tsohon a zaure yana sa takalmi. Na ce ko in rage masa hanya. Ya ce a'a, gidan wanzamin ba nisa, kuma shi ya kira shi, shi ya kamata ya je ya ba shi haƙuri.